Wa ke biyan kuɗin labarin da muke ji?

A tsakiyar watan Maris na 2025, masu kama Muryar Amurka suka murɗa rediyo a lokacin da suka saba, sai suka ji kiɗa kawai. Dattawan da suka rayu a zamanin soja sun san abin da kiɗa babu magana yake nufi a rediyo, don haka wasu har gabansu ya faɗi. Ashe ba juyin mulki aka yi ba. Shugaba Donald Trump ne ya sa hannu a wata takardar umarni a Washington, aka tura ma'aikata hutun dole, sashen Hausa da ke magana da mu tun 1979 ya yi tsit. Ba a shawarci mai shayi a Fagge ba, ba a tambayi makiyayi a Dakoro ba, kuma babu dalilin da zai sa a tambaye su, tunda ko sisinsu babu a cikin tafiyar. Wata uku kafin wannan, gwamnatin soja ta Nijar ta dakatar da BBC na tsawon wata uku, gidan rediyon Faransa RFI kuwa tun Agustan 2023 aka toshe mata baki a ƙasar.

An saba cewa fasahar zamani ta 'yantar da labari, wai yanzu kowa ɗan jarida ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika mudu ba. Aikin jarida hawa biyu ne. Akwai nemo labari da tantance shi, akwai kuma kai shi kunnen jama'a. Duk na'urar da ta zo mana, daga injin buga takarda har zuwa wayar da ke hannunka, hawa na biyu ta sauƙaƙa. Na farko yana nan da tsadarsa. Har gobe sai mutum ya biya kuɗin mota zuwa Birnin Gwari, ya kwana, ya ji ta bakin ɓangare biyu, ya sami editan da zai ce masa “koma ka tabbatar,” ya kuma sami lauya idan an kai shi ƙara. Dole wani ya biya wannan. Abin da nake so mu duba shi ne, tun da aka fara aikin jarida da Hausa, kusan kullum wani ne yake biya mana, kuma irin labarin da muke samu yana bin aljihun da kuɗin ya fito.

A fara da takarda. Yarabawa sun sami jaridarsu, Iwe Irohin, a Abeokuta tun 1859. Sai bayan shekara 80, a Janairun 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, Dakta Rupert East yana kula da hukumar da ke buga ta. Ba don babu masu karatu a ƙasar Hausa aka yi wannan jinkiri ba. Malamai da 'yan kasuwa sun daɗe suna rubuta wasiƙu da waƙoƙi da ajami. Injin ne ya zo a hannun Turawa, ya kuma zo da haruffan boko. Lokacin fitowar jaridar ma ba a banza ya zo ba: yaƙin duniya na biyu yana ƙofa, jita-jita ta cika gari cewa za a miƙa Najeriya ga Jamus, gwamnatin mulkin mallaka tana buƙatar bakin da zai yi magana da talakawa da harshensu.

Ba na raina abin da Imam ya yi. Ya ɗauki jaridar gwamnati ya mai da ita dandali, shafin wasiƙu ya zama wurin da malaman makaranta da akawuna ke taɓa masu sarauta da ma'aikatan En'e a fakaice, wani lokaci ma a fili. Kwafi ɗaya mutum goma ke cin moriyarsa, domin mai karatu zai zauna a zaure ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara. Hausar da muke rubuta labarai da ita yau, can aka aza mata harsashi. Sai dai kwabon da ake sayen jaridar ba shi ke riƙe da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tudun Wada a 1945 ba, gwamnati ce. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Shi ya sa da 'yan NEPU suka tashi a 1950, sai suka jingina da jaridar Comet ta rukunin Azikiwe, wadda ake bugawa a Kano, don ta ɗauki maganarsu. New Nigerian da ta fito ranar 1 ga Janairun 1966 ta yi suna, ta yi ƙarfin da shugabannin soja ke shakkar sharhinta na shafin farko, amma ita ma 'yar gwamnati ce, kuma ranar da masu riƙon ta suka gaji da ciyar da ita, ita da Gaskiya suka durƙushe tare.

Rediyo ne ya yi mana abin da takarda ta kasa. Da farko akwati ne da ake jawo masa waya daga tasha, ba ka da zaɓi, abin da aka sako shi za ka ji. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yaɗu a shekarun 1960 da 1970, sai labari ya bar hannun 'yan boko. Manomi ya rataya ta a reshe yana noma, matar da ba ta fita ta ajiye ta kusa da murhu, direban babbar mota ya ɗauke ta har Agadas. Rediyon Kaduna da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962 ya zama murya ɗaya da ake ji daga Sakkwato zuwa Yola har zangon Kumasi. Masu mulki sun fi kowa sanin ƙarfinsa. Ranar 15 ga Janairun 1966, daga gidan rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa, kuma daga nan duk sojan da ya yi niyyar ƙwace mulki, gidan rediyo yake fara nufa.

Daga waje kuma, gajeren zango ya buɗe wata ƙofa. BBC ta fara Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, a bakin Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Muryar Jamus da Rediyon Sin suka biyo a 1963, ga Masko, ga Alƙahira, daga baya ga Tehran, RFI ta shigo a 2007. Ba kyawun Hausa ne ya ja su ba. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kowace ƙasa tana neman kunnen miliyoyin mutane da ke da harshe ɗaya a ƙasashe da yawa. Amma mun amfana, kuma amfani babba. A lokacin da dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta jefa Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian a kurkuku, a lokacin da aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ambulan a 1986, gidan rediyon da ke Landan ko Kolon ya fi ƙarfin gwamna ya aika a kulle shi. Wakilinsa yana da albashin da ke zuwa a kan kari, ba ya jiran kowa ya ba shi na mota. Daga nan ne “BBC ce ta faɗa” ta zama abin da ke kashe gardama a majalisa. Mutane kan ɗauka wannan amana daga na'ura ta fito, ko daga Turanci. Daga kuɗi ta fito: har zuwa 2014, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ke ɗaukar nauyin sashen BBC na duniya, daga baya nauyin ya koma galibi kan kuɗin lasisin talabijin da mutanen Birtaniya ke biya. Wato wata tsohuwa a Manchester tana cikin masu biyan albashin wanda ke kawo mana rahoto daga Gusau. Mu namu batir ne kawai.

Sai abubuwa biyu suka haɗu suka canza kiɗan. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, Nijar ma ta buɗe wannan ƙofa a shekarun 1990 har irin su Anfani suka samu. Wayar salula ta iso Najeriya a 2001, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003. Wanda a da zai rubuta wasiƙa ya kai gidan waya ya jira makonni kafin a karanta, yanzu sai ya buga a saka shi kai tsaye, ya faɗi cewa taransifomar unguwarsu ta ƙone wata uku, ko asibitin garinsu babu ungozoma. Na ɗauki wannan a matsayin ci gaba mafi girma da aikin jarida ya samu a Arewa, domin karon farko ke nan da talaka ya ji muryarsa da kunnensa, kwamishina kuma ya san ana jin sa.

To amma gidan rediyo na kasuwa da me zai sayi gas ɗin janareta? Manyan kamfanonin da ke ba da talla suna Legas. Abin da ya rage a gida shi ne masu maganin gargajiya, da sanarwar ɗaurin aure, da 'yan siyasa. Sai aka koma sayar da fili. Ɗan siyasa ya sayi rabin awa, ya turo sojojin baka su yabe shi su zagi abokin hamayya, gobe abokin hamayyar ya sayi nasa. Har labarai ma akwai na biya: ka kawo kuɗi a karanta taronka a cikin labaran ƙarfe bakwai, mai sauraro bai san talla yake ji ba. Wakili kuma, wanda a wurare da dama albashinsa bai taka kara ya karya ba, ko ya yi watanni bai gan shi ba, sai ya dogara da ɗan abin da ake miƙawa bayan taron manema labarai. Muna zagin 'yan jarida a kan wannan, ni ma ba na wanke su. Amma wanda ya tsaya a teburin mai jarida ya karanta shafi takwas a tsaye ya ajiye ya wuce, ya kamata ya sassauta murya idan ana zagin.

Yanzu ga mu a zamanin babbar waya. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne saƙon murya na WhatsApp, domin shi ne magajin rediyo na gaskiya a ƙasar Hausa. Ba ya buƙatar ka iya boko ko ajami, ka danna ka yi magana, kafin la'asar an ji ka a Kano da Damagaram da Jidda. Alherinsa a bayyane yake. Hare-haren da ake kaiwa ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, da yawansu ba don wani ya ɗauka da waya ya tura ba, da sanarwar hukuma ce kawai za ta zama tarihi. A 2018, Daily Nigerian, jaridar intanet da ba ta da injin buga takarda ko ɗaya, ta fitar da bidiyon da ake zargin gwamnan Kano na lokacin da karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, aka yi ta shari'a, amma ka tambayi kanka ko gidan rediyon jiha zai iya ko da ambaton zancen. Gwamnatoci ma sun shaida ƙarfin abin da irin matakan da suke ɗauka: an katse layukan waya a Borno da Yobe a 2013, an katse a Zamfara a Satumban 2021, an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ya zama sandar da ake kora 'yan jarida da ita zuwa ofishin 'yan sanda.

Sharrinsa ma mun ɗanɗana. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwa ta tashi 'ya'yanta, ɗa ya buga wa tsohonsa mai hawan jini, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa ransu. A 2018 hotunan gawarwaki da aka ɗauko daga wasu ƙasashe suka yi yawo a Facebook da sunan rikicin Filato, suka ƙara wa wutar fetur. A shekarar ce kuma labarin ƙanzon kuregen nan na “Jibrin ɗan Sudan” ya yi ƙarfin da sai da Shugaba Buhari ya tsaya a ƙasar Poland yana tabbatar wa duniya cewa shi ne shi. Rediyo komai lalacewarsa yana da edita da adireshi da lasisin da za a iya ƙwacewa. Saƙon da aka turo maka “kamar yadda na samu” ba shi da uba.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ta fi ƙarya illa, domin ita a hankali take ci. Kuɗin tallan da a da ke shiga gidajen jarida, yanzu Google da Meta, mai Facebook da WhatsApp, ke kwashe mafi yawansa. Takardar buga jarida daga waje ake sayo ta da dala, tunda masana'antar yin ta da ke Oku Iboku ta daɗe da mutuwa. Su kuma waɗannan dandali, abin da ya tsayar da yatsan mutum suke sakawa a gaba, ko gaskiya ne ko ƙarya, shi ya sa rigimar 'yan fim da ta 'yan TikTok take danne rahoton kasafin kuɗi. Ka duba shafukan “labarai” na Hausa da suka cika Facebook, ka bi diddigin abin da suke wallafawa. Mafi yawa daga BBC Hausa ko Aminiya ko Premium Times aka kwafo, aka canza kanun, aka ƙara “Da ɗumi-ɗumi” da “Innalillahi.” Kasuwa ta cika da dillalai, gona kuwa manoma ƙalilan ne a ciki, su ma yunwa na korar su ɗaya bayan ɗaya. Ragowar filin kuma matasan da 'yan siyasa ke saya wa data sun cike shi, wato sojojin baka ne suka sauya sheƙa daga rediyo zuwa waya.

Ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayatawa yanzu ba za ta fitar da mu ba. Za ta iya fassara rahoton Turanci zuwa Hausa cikin daƙiƙa, za ta iya kwaikwayon muryar malami ko gwamna ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Zuwa Maradun ta ƙirga kaburbura ne ba za ta iya ba.

Na san amsar da za a ba ni: mutanen da ke fama da abin sawa a baka ne za ka ce su sayi labari? Magana ce mai nauyi, kuma ba da wanda bai ci abinci ba nake. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, muna biya, ba ɗan jarida muke biya ba ne kawai. Kowane mako muna zuba kuɗi a data, MTN da Airtel su karɓa, wanda ya sha rana ya nemo labarin da muka karanta da datar bai ga ko ficika ba. Matashin da ke cewa ba shi da halin tallafa wa jarida yana biyan kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo sau biyu a mako. Attajiranmu suna gina masallacin Juma'a kusa da wani masallacin Juma'a, suna raba kujerun Makka, Allah ya saka musu, amma da wuya ka ji wanda ya yi waƙafi don a riƙa binciken inda kuɗin asibitoci ke shiga, alhali rayukan da wannan zai ceta ba kaɗan ba ne.

A wasu wurare an gwada an gani. New York Times ta fi dogara da masu biyan kuɗin karatu, waɗanda suka haura miliyan 10, fiye da talla. Guardian ta Birtaniya ta bar shafinta a buɗe kyauta, tana roƙon masu karatu su ba da abin da ya sauƙaƙa, kuma suna bayarwa. Kada a ce wannan sai Turai: Daily Maverick ta Afirka ta Kudu ta kafa tsarin mambobi masu ba da gudummawa, yana kuma riƙe da wani babban ɓangare na aikinta. A nan gida, jaridun da ke bincike mai zurfi, irin su Premium Times da HumAngle, tallafin gidauniyoyin waje yana cikin abin da ke riƙe da su. Aikinsu yana kyau, amma duk wanda ya ga yadda aka rushe hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, a 2025 cikin 'yan makonni ya san irin wannan igiya ba a sakin jiki da ita.

Fasahar da ta kwashe kuɗin talla ita ce kuma ta kawo hanyar tara na jama'a. Yau mai sayar da rake ma yana karɓar taransifa. Mutum dubu 20 su riƙa tura naira 500 a wata, an sami miliyan 10, kuɗin da zai riƙe ƙaramin ɗakin labarai da wakilai na cikakken lokaci waɗanda ba sa jiran ambulan. Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi da dama, samun dubu 20 bai kamata ya zama abin al'ajabi ba. Sai dai ni kaina ba zan tura wa kowa ba sai da sharaɗi: gidan ya bayyana wa ke ba shi kuɗi, ya rubuta “talla” a kan abin da talla ne, idan ya yi kuskure ya fito ya gyara a inda ya yi shi, kuma ya kawo labarin da murya, domin rabin waɗanda ake yi dominsu da kunne suke karatu.

Wurin da zan so a fara tura waɗannan wakilai shi ne ƙananan hukumomi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Jihar Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Kowane wata ana wallafa abin da aka ware wa kowacce, alƙaluman suna nan a intanet, kowa na iya saukewa a wayarsa. Abin da babu shi ne mutumin da aikinsa ke nan, ya ɗauki takardar Rogo ko Ɓaure ko Maigatari, ya hau mota ya je sakatariya ya tambayi ciyaman nawa ya shigo hannunsa, sannan ya zagaya ya duba rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa. Landan ba za ta turo wakili don wannan ba, gidajen Turkiyya da Sin ma haka, gidan rediyon da gwamna ke biya wa albashi kuwa ba a ma maganarsa.